Abin da ya kamata ku sani: yadda Turanci ke faɗin wahalar aiki, da inda 'yan ƙasar Cek ke tuntuɓe

A ƙasar Cek, wadda ke tsakiyar Turai tsakanin Jamus da Poland da Slovakiya da Austriya, Turanci bai daɗe da samun gindin zama a aji ba. Daga 1948 zuwa 1989, zamanin mulkin kwaminisanci, Rashanci ne harshen wajen da aka wajabta wa kowane ɗalibi. Da mulkin ya faɗi a ƙarshen 1989, sai aka wayi gari kowa Turanci yake nema, ga kuma ƙarancin malamai, har ta kai malaman Rashanci da dama sun koma ɗaukar darasi domin su koyi Turancin su koyar da shi. Ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, kamfanonin waje suka cika Prag da Brno da Ostrava. Yau yaro yana fara harshen waje daga aji uku na firamare, wasu makarantun ma tun aji ɗaya, kuma Turanci ake fara miƙa masa. A jarrabawar gama sakandare da suke kira maturita, ɗalibi yana zaɓar ko lissafi ko harshen waje, mafi yawansu kuwa Turanci suke ɗauka.

To amma Turancin jarrabawa daban, na wurin aiki daban. Matashiyar da ta samu aikin rubuta manhaja a Brno za ta zauna taro ta intanet da abokan aiki na Landan ko Boston, sai ta ji shugaban sashe ya ce buƙatar abokin cinikin "a tall order" ce, wani kuma ya amsa da "we have our work cut out". Babu kalmar da ba ta sani ba a ciki, amma maganar ta wuce ta. Irin waɗannan su ne salon magana, wato jerin kalmomin da ba a gane nufinsu ta hanyar fassara kowace kalma ita kaɗai. Turanci yana da su jingim a kan aiki mai wuya, domin wahala abu ce da mutane ba sa son faɗinta tsirara.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, waɗannan maganganu ba "da wuya" kawai suke cewa ba. Kowacce tana nuna inda wuyar take, da ko akwai mafita, da kuma wanda ya jawo ta. Idan Bature ya ce matsala "a hard nut to crack" ce, wato ƙwallo mai taurin ɓawo, yana nufin sai an yi dabara, amma za ta fasu, kuma akwai abin ci a ciki. Idan ya ce "an uphill battle", yaƙi da hawan tudu, to ba dabara ce ta yi ƙaranci ba, yanayin ne gaba ɗaya bai goyi bayansa ba, sai juriya. "A tall order" kuwa tana nuni da wanda ya ba da umarnin, cikin ladabi tana cewa abin da ya nema ya yi yawa. Ita kuma "to bite off more than you can chew", gutsurar abin da ya fi ƙarfin taunawa, a kan mai aikin take ɗora laifi, shi ya ɗauko Dala ba gammo. Wanda ya ɗauke su duka a matsayin abu guda zai iya zargin shugabansa a bainar jama'a alhali yana jin tausaya masa yake yi, ko ya sanar da cewa aiki ba shi da mafita alhali cewa yake so ya yi a ƙara masa lokaci.

Ɗan Cek ba hannu rabbana yake shiga wannan fage ba, domin akwai gadon da harsunan Turai suka yi tarayya a kai. Ƙwallon nan mai tauri yana nan a harshensa, "tvrdý oříšek". Neman allura cikin tulin busasshiyar ciyawa, "a needle in a haystack", shi ma kalma da kalma yake da shi, "jehla v kupce sena". Haka hasken da ke ƙarshen ramin jirgin ƙasa, da tafiya a kan siririyar ƙanƙara, da fafutukar kada ruwa ya shanye kai. Sai kuma tatsuniyoyin Girka, waɗanda yaran Cek suka tashi da su ta littafin Eduard Petiška na 1958. Sun san Sisifus da aka yanke wa hukuncin mirgina dutse zuwa kan tudu, da ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro, saboda haka "a Sisyphean task" ba baƙuwa ba ce a wurinsu, aikin baban giwa ne da ba ya ƙarewa. Sun san Hakulis da ayyukansa goma sha biyu, sun san ƙullin Godiyom da aka ce Iskandar ya datse da takobi maimakon ya tsaya kwancewa. Littafin Baibul ma ya ba harsunan biyu kaya iri ɗaya, ta fassarar Kralice ta 1579 zuwa 1593 a wajen 'yan Cek, da fassarar Sarki Jems ta 1611 a wajen Ingilishi: dutsen niƙa a wuya, da ɗaukar gicciye, da karon Dauda da Jaluta.

Ko a nan ɗin ma sai an yi hattara. Share wajen kwanan shanun Sarki Augiyas, ɗaya daga ayyukan Hakulis, magana ce da ɗan jarida a Prag zai yi amfani da ita kan wata ma'aikata da ta ruɓe, masu karatu su gane nan take, amma a Turancin yau da kullum ba kasafai ake jin ta ba, sai a rubutun masana. Wadda ta fi ruɗi ita ce ta faɗa da injinan niƙa masu aiki da iska, daga labarin Don Kihote na Cervantes na 1605. Ɗan Cek idan ya ce "boj s větrnými mlýny", galibi yana nufin gwagwarmaya da abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar cin hanci ko jan ƙafar ofis, kuma yana tausaya wa mai gwagwarmayar. Bature idan ya ce "tilting at windmills", cewa yake yi mutumin yana yaƙi da abokan gaban da babu su sai a kansa. Wanda yake son ya yaba wa abokinsa mai jajircewa, da wannan magana sai ya mai da shi mai ruɗu. Abin da ya dace a wurin shi ne "fighting a losing battle".

Rukuni na biyu shi ne inda ma'ana ɗaya ce amma hoton ya bambanta, kuma a nan tarihi ya bar sawunsa a fili. Ƙasashen Cek sun zauna ƙarƙashin gidan sarautar Habsburg daga 1526 zuwa 1918, Jamusanci yana harshen ofis da kasuwa da birni. Shi ya sa salon maganarsu da yawa da na Jamusawa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, su bar Turanci a gefe. Idan abu marar daɗi ya zama dole, ɗan Cek da Bajamushe duka tuffa mai tsami suke gutsura, "kousnout do kyselého jablka". Bature kuwa harsashi yake cizawa, "bite the bullet", ana kuma yawan danganta maganar da sojan da ake yi wa tiyata babu maganin kashe zafi, a ba shi harsashi ya danne da haƙora. Idan mutum ya sare ya miƙa wuya, ɗan Cek da Bajamushe bindiga suke jefarwa cikin gonar hatsi, "hodit flintu do žita", hoton sojan da ya tsere daga fagen fama. Bature tawul yake jefawa, "throw in the towel", kamar yadda mai horar da ɗan dambe ke yi idan ya ga yaronsa ya jigata. Idan an gudu ba a tsira ba, ɗan Cek daga ruwan sama ya koma ƙarƙashin indararo, "z deště pod okap", Bature kuwa daga kaskon suya ya faɗa wuta, "out of the frying pan into the fire". Gaba kura baya siyaki a wurin ɗan Cek shiga ce tsakanin duwatsun niƙa biyu, a Turancin Amurka kuma tun farkon ƙarni na 20 ake cewa "between a rock and a hard place".

Wasu hotunan na Cek suna da kyan da nake jin takaicin ba za su ƙetara ba. Mutumin da sai an yi da gaske ake samun magana daga bakinsa, sukan ce tana fita kamar daga bargo mai gashi, "jako z chlupaté deky". A Turanci cire haƙori ne, "like pulling teeth". Ɗalibin da ya sha da ƙyar a jarrabawa, a Cek ya wuce da kunnuwa a ƙuje, "s odřenýma ušima", sai ka ga mutumin da ya kutsa ta ƙunƙuntar kafa. A Turanci ya wuce "by the skin of his teeth", maganar da ta fito daga littafin Ayuba. Yi wa kurman gangan nasiha a wurinsu watsa wake ne a jikin bango, a Turanci "like talking to a brick wall". Aikin da ba wasa ba, ɗan Cek zai ce ba zuma ba ne, ko ba yawo ba ne a lambun furen wardi, Bature ya ce "no picnic", ko "no walk in the park", ko "no bed of roses". Ku lura da yadda na Cek ɗin ya zauna daidai tsakanin biyun ƙarshe: yawo daga ɗaya, fure daga ɗayan. Shi ya sa ɗalibi yakan haɗa su ya ce "no walk in the rose garden", za a gane shi, amma za a ji ba ɗan gida ba ne. Aiki mai sauƙi kuwa, wanda Bature ke kira "a piece of cake", ɗan Cek cewa yake yi zai gama shi da ƙafar baya ta hagu, "levou zadní". Abin da ya gagari fahimta, Bature ya ce Girkanci ne a wurinsa, ɗan Cek ya ce ƙauyen Sifen ne, su kuwa Jamusawa cewa suke yi ƙauyukan Bohemiya ne, wato yammacin ƙasar Cek ɗin kanta.

Wannan rukuni ba shi ne mafi haɗari ba. Wanda ya fassara tuffa mai tsami kai tsaye, iyaka a yi murmushi a tambaye shi me yake nufi. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da maganar ta yi kama da wadda mutum ya sani, ya faɗe ta daidai da nahawu, kowa ya gyaɗa kai, amma abin da aka ji ba shi ya nufa ba.

Ɗauki maganar gangara. A harshen Cek, idan aka ce abu yana gangarowa daga tudu, "jde to z kopce", lalacewa ake nufi, kamfani na durƙushewa ko lafiya na ja da baya. A Turanci ma "going downhill" haka take. Amma "it's all downhill from here" fuska biyu gare ta. Shugaban aiki da ya faɗe ta bayan an gama sashe mafi wuya, albishir yake yi cewa an wuce tudun, saura gangara mai sauƙi. Ma'aikacin Cek zai iya fita daga taron yana zaton an sanar da shi aikin ya kama hanyar rushewa. Yanayin da aka yi maganar da muryar mai ita ne kaɗai ke raba ma'anonin biyu.

Ko kuma maganar taɓo ƙasa. 'Yan Cek mutane ne masu girmama juriyar ɗan wasa, ƙasar Emil Zátopek ce, wanda a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya lashe zinare a tseren mita 5,000 da na mita 10,000 da kuma gudun fanfalaki, alhali ranar ce ya fara shiga gasar fanfalakin a rayuwarsa. Ɗan wasan da ya zuba duk ƙarfin da yake da shi yakan ce "sáhl jsem si na dno", wato na miƙa hannu har na taɓo ƙasan rumbun ƙarfina, kuma da alfahari ake faɗinta. Idan ya juya ta zuwa "I hit the bottom", Bature zai ji "rock bottom", halin mutumin da ya rasa komai, ko shaye-shaye ya gama da shi. Abin da yake nema shi ne "I had to dig deep". Haka aikin da sai an daɗe ana yi, wanda suke kira gudun dogon zango, "běh na dlouhou trať", a Turanci "a long haul" ne, ko "a marathon, not a sprint".

Wasu kuma Turancin ne kansa ke ɓatar da baƙo. "To have your work cut out" ana danganta ta da sana'ar ɗinki, inda aka yanka yadi aka tara wa tela. Mai koyo yakan zaci an rage masa aiki ne, tunda an yanke wani abu, ko an share masa hanya. Nufinta kuwa akwai jan aiki a gabansa. "A steep learning curve" ita ma tana da nata ruɗanin, musamman ga injiniyoyi, kuma ƙasar Cek ƙasar injiniyoyi ce. Zanen da ke nuna yadda koyo ke ƙaruwa ya samo asali daga binciken Hermann Ebbinghaus na 1885 kan hadda, sannan T. P. Wright ya yi amfani da irinsa a 1936 wajen lissafin kuɗin ƙera jiragen sama. A kan takardar zane, layin da ya miƙe sama da sauri yana nuna an koyi abu mai yawa cikin ɗan lokaci. A bakin jama'a kuwa hoton tudu mai tsini ne ya yi rinjaye, maganar ta koma nufin abu mai wuyar koyo da farko. Injiniyan da ya tsaya kan lissafinsa yana da hujja, amma abin da abokan aikinsa suke nufi shi ne makonnin farko za su yi zafi.

Kafin ma a kai ga salon magana, kalmar wuya ita kanta tana kayar da mutane. A harshen Cek kalma ɗaya, "těžký", ita ce nauyi ita ce wuya, sai ka ji ɗalibi ya ce "a heavy exam" yana nufin jarrabawa mai wuya. Sannan ga "hardly", wadda ta yi kama da 'yar'uwar "hard" amma kishiyarta ce: mai neman aiki da ya rubuta "I work hardly" ya shaida wa kamfani cewa da ƙyar yake taɓuka komai. Irin waɗannan kurakurai suna da suna a ƙasar, Czenglish, kuma wani malami ɗan Kanada da ya koyar a jami'ar Brno, Don Sparling, ya tattara su a littafinsa English or Czenglish? a 1989, daidai shekarar da buƙatar ta taso.

Akwai kuma maganganun da suka fito daga rayuwar da ɗan Cek bai taɓa yi ba. Ƙasarsa ba ta da teku ko kaɗan, Birtaniya kuwa tsibiri ce da ta yi arziki da jiragen ruwa, harshenta cike yake da maganar matuƙa. "All hands on deck" kira ne ga kowa ya fito saman jirgi domin hadari ya taso, yau ana yin sa idan wa'adin aiki ya matso. "Learn the ropes" koyon igiyoyin jirgi mai filafilai ne, wato sanin makamar sabon aiki. "Weather the storm" jure guguwa ne har ta wuce, "plain sailing" kuma tafiya sumul. Wasanni ma haka. Ɗan Cek ƙwallon ƙafa ya sani da ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ƙasarsa ta ci zinarensa a Nagano a 1998. Bai san kurket ba, saboda haka "a sticky wicket" ba ta nuna masa komai sai an yi masa bayanin filin da ruwa ya jiƙa ya fara bushewa, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, mai bugu bai san ta inda za ta zo ba. Ba'amurke kuma daga besbol yake ɗebo nasa: "throw a curveball" jefo wa mutum matsalar da bai zata ba, "step up to the plate" fitowa a ɗauki nauyi idan layi ya zo kan mutum. Wasu ma ba su tsufa ba. "Back to the drawing board" ta yaɗu daga wani zanen barkwanci na Peter Arno a mujallar New Yorker a 1941, inda jirgin sama ya faɗo, mai tsara shi ya juya da takardunsa a hammata zai koma ya sake zane. "Herding cats", kiwon kyanwoyi, wato jagorancin mutanen da kowa da inda ya sa gaba, ta ƙara bazuwa bayan wani tallan talabijin na kamfanin EDS a shekarar 2000.

A fagen wahalar ofis kuwa, Prag ta ba Turanci kamar yadda ta karɓa. Halin da doka ta ɗaure mutum ta kowane ɓangare Bature yana kiransa "a catch-22", daga littafin Joseph Heller na 1961: matuƙin jirgin yaƙi da ya haukace ana iya sauke shi daga aiki idan ya nema, amma neman da ya yi shaida ce cewa hankalinsa lafiya lau. 'Yan Cek sun san littafin sarai, sai dai da sunan Hlava XXII, kuma kalmar "hlava" tana nufin kai, tana kuma nufin babi a kundin doka, don haka wani yakan ce "head 22" a rasa inda ya dosa. Su kuma Ingilishi, idan takardu da ofisoshi suka rikita mutum har ya rasa wanda zai kai wa kuka, sai su ce abin "Kafkaesque" ne, da sunan Franz Kafka da aka haifa a Prag a 1883. Mutanen garinsa "kafkárna" suke cewa. Kalmar "robot" ma daga can ta fito, ta wasan kwaikwayon Karel Čapek mai suna R.U.R. na 1920, tushenta kuma "robota", aikin tilas da talaka ke yi wa mai gona, wanda aka soke a 1848.

Ko an fahimci ma'ana, saura faɗi. Harshen Cek ba shi da ƙananan kalmomin nan "a" da "the", yana sauya ƙarshen suna ne har kala bakwai domin nuna aikinsa a jimla, kuma kalmomi suna iya canza wuri ba tare da ma'ana ta rushe ba. Salon maganar Turanci kuwa a daskare yake. "Bite the bullet" magana ce, "bite a bullet" kuwa mutum ne da harsashi a baki. Ba a cewa "easier to say than done", ba a sauya "tall" da "high" a gaban "order". Ɗan Cek ya saba gajarta tasa ya ce "to je oříšek", wannan ƙwallo ne, kowa ya gane matsala ce mai wuya. A Turanci idan ya ce "it's a nut" bai faɗi komai ba, idan kuma mutum ya kira haka, to mahaukaci ya ce masa. Furuci ma yana da nasa. Baƙi mai nauyi a ƙarshen kalma yakan sauƙaƙa a bakin ɗan Cek, sai "hard" ta fito kamar "heart". "Walk" da "work" suna cakuɗewa, har yawon shaƙatawa a lambu ya koma aiki a lambu. Ita kuwa "tough", rubutunta ya yi kama da "though" da "through" da "thought", amma babu biyun da ake furtawa iri ɗaya.

Abin da littattafan makaranta suka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurin aiki, shi ne yadda Ingilishi ke rage wa magana kaifi. Ma'aikacin Cek idan ya ga abu ba zai yiwu ba yakan ce "to nejde", ba ya yiwuwa, a wurinsa kuma wannan gaskiya ce da riƙon amana. Takwaransa na Birtaniya zai ce "a bit tricky", ko "quite a challenge", ko "not exactly straightforward", yana nufin abu mai tsananin wuya, wani lokaci ma wanda ba shi da niyyar taɓawa. Asara takan faɗa ta ɓangare biyu. Ɗan Cek ya ji "a bit" ya ɗauka ƙaramar matsala ce, ya ci gaba da shiri. Shi kuma ya ce "this is impossible", a ɗauke shi mai taurin kai ko marar son aiki, alhali ƙoƙari yake ya ceci kamfani daga ɓata kuɗi. Kalmar "challenging" a tallan neman ma'aikata ma sai an karanta ta da ido biyu, domin tana iya nufin aiki mai buɗe basira, tana iya nufin dare zai riƙa yi wa mutum a ofis.

Yaya ake koyonsu? Hadda daga jeri mai bin haruffa ba ta zama a kai. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a littafinsu na 1980 cewa irin waɗannan maganganu suna taruwa ƙarƙashin 'yan hotuna kaɗan. A nan, wahala kaya ce a ka, ko shinge a hanya, ko tudu, ko ruwa mai zurfi. Binciken Frank Boers kan masu koyon Turanci ya nuna cewa idan aka tara maganganun bisa hotonsu, aka kuma gaya wa ɗalibi inda suka fito, sun fi zama. Wanda ya ga mutum a tsakiyar kogi zai riƙe "out of my depth" da "in over my head" da "thrown in at the deep end" da "sink or swim" a zama ɗaya. 'Yan Cek ba baƙi ba ne ga wannan hanya, domin Jan Amos Komenský, wanda hotonsa ke kan takardar kuɗinsu ta koruna 200, shi ya fitar da Orbis Pictus a 1658, littafin koyar da kalmomi ta hoto. Suna kuma da kayan aiki na zamani. Jami'ar Charles da ke Prag ta kafa taskar rubuce-rubucen harshen Cek a 1994 ƙarƙashin František Čermák, wanda ya jagoranci babban ƙamus na salon maganar Cek, a cikin taskar kuma akwai InterCorp, inda ake jera rubutu da fassararsa gefe da gefe. Ɗalibi zai iya rubuta maganar bargo mai gashi ya ga yadda ƙwararrun masu fassara suka yi da ita a jimloli na gaske. Ta nan ake gane wadda ta tsufa. Ɗan Cek da ya shiga matsala yakan ce yana cikin kunu, "v kaši", ƙamus ya ba shi "in the soup", alhali yau an fi jin "in a tight spot", ita kuwa "in hot water" ta wanda ya yi laifi ce yana jiran hukunci.

Shawarata ga mai koyo ita ce ya fahimci da yawa, ya yi amfani da kaɗan. Yawancin Turancin da ake yi a ofisoshin Prag da Brno ba da Ingilishi ake yin sa ba, da Jamusawa ne da 'yan Poland da Indiyawa da 'yan Yukren. Maganar filin kurket Ba'indiye zai gane ta nan take, Bajamushe da Ba'amurke su yi shiru. Waɗanda suka fi ratsa ko'ina su ne irin "easier said than done" da "a tough nut to crack" da "an uphill battle" da "back to square one", sai "a lot on my plate" ga wanda aiki ya yi wa yawa. Idan kuma maganar ta kai ga kuɗi da wa'adi, gara a biyo salon da adadi: aikin "a tall order" ne, zai ci mako shida maimakon huɗu, kuma sai an ƙaro mutum biyu.